Tafkin Kanwa a Bayan Gidanmu

A yaƙin farko, na watan Fabrairun 1979, itace ne ya riga gero ƙarewa a unguwarmu ta Milezi. Motocin da ke kawo shi daga daji suka daina shigowa, masu jakuna suka ɓace, kafin mako biyu mata sun koma hura wuta da tsofaffin tabarmi da kashin shanu. Da aka yi sulhu kowa ya ce alhamdu lillahi, ya koma zaman jiran motar itace kamar ba a yi komai ba. Wannan hali namu shi ke ƙona mini rai. Rana tana tsaye a kanmu wata tara tana gasa mana ƙeya, mu kuma abin da za mu ɗumama ruwa da shi sai ya yi tafiyar yini guda a bayan mota.

Sunana Halliru. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, saura shekara guda in gama lise teknik, wato sakandaren fasaha, aka rufe makarantar. Mahaifina, Malam Ummaru, dillalin kanwa ne. Kakanmu ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai je Makka, ya yada zango a nan don ya huta kwana biyu, ya rasu a nan bayan shekara arba'in yana cewa baɗi zai wuce. Gidan da ya bari yana da sito cike da ɓarɓashin kanwar da ba mai saye, da wani kango a baya inda dā ake sauke wa raƙuma kaya.

Malaminmu na kimiyya, da zai bar ƙasar, ya bar mini kwalin mujallu. A cikinsu na ga labarin tafkin da ake tara zafin rana da ruwan gishiri. Na karanta shi har takardar ta yi laushi. Na dubi sito, na dubi kango, na dubi sama. Komai yana gidanmu.

Da shekara ta juyo, yayata Sakinatu tana da cikin fari. Bisa al'ada za ta dawo gida ta haihu, ta yi wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma, da ruwa mai zafin gaske. Itacen wankan kuwa nauyin miji ne, a wata na bakwai ake jibge shi a ƙofar gida kowa ya gani. Mijinta Dawuda tela ne, mutumin Nguru, shekara biyar da zuwansa garin. Na same shi a shagonsa yana taka keke.

"Musye Halliru! Yau wane abu aka gano a littafi?"

"Yaya Dawuda, me ya sa kududdufi ba ya zafi, duk ranar da yake sha?"

"Ni tela ne, ƙanena. Tambaye ni wando."

Na ce masa ruwa in ya yi zafi nauyinsa raguwa yake, sai ya taso sama, iska ta kwashe zafin. Amma in ruwan ƙasa ya sha kanwa har ya ƙoshi, ya yi nauyin da ko ya ɗau zafi ba ya iya tasowa. A kansa sai a zuba mai ƙarancin kanwa, a kan wannan wanda ya fi shi ƙaranci, hawa-hawa, har a kai ga ruwan daɗi a sama. Rana ta ratsa su duka ta bugi baƙin tamfol a ƙasa, zafi ya maƙale can, ruwan sama ya zame masa bargo. Sai a nannaɗe tiyon ƙarfe a ƙasan, a tura ruwan rijiya ta ciki, ya fito ɗaya bakin yana tururi.

Ya tsayar da keken. "Wato za ka ɗaure zafi a turke kamar akuya."

"Haka ne. Sharaɗi ɗaya ne kawai. Ba a motsa shi. In aka motsa, hawan nan suka gauraye, ya mutu."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

"Kada ka sayi itacen wanka. Ka sayo mini tamfol da tiyo."

Ya yi dariya har ya dafe ciki. "Kana so Gwaggonku ta sa a yi mini waƙa a unguwa? Angon da ya kawo tiyo!"

Na ce masa ya tuna bara. In aka sake yaƙi, itacen da ya tara kwana nawa zai kai, alhali gidan ma da shi za a dafa tuwo? Tafkin kuwa ba ya ƙarewa, kullum rana tana ƙara masa. Ya murza zare a yatsa. Dawuda mutum ne mai son a ce ya yarda da sabon abu. Ya ce, "Na ji. Amma in ya ƙi, kai za ka zama itacen."

Ni na hana shi sayen itacen nan. Na rubuta wannan tun yanzu don kada wani ya ce na ɓoye.

Muka haƙa ramin ni da shi, kullum bayan la'asar, taku takwas kowane gefe, zurfinsa tsayin mutum. Muka shimfiɗa tamfol na tsohuwar babbar mota, na liƙe kowane tsagi da kwalta. Aikin kanwar ya fi haƙan wuya. Sai na jiƙa ta a duro, ta kwana uku laka ta kwanta, in tace da tsohon zane sau biyu, domin in ruwan bai yi garau ba rana ba za ta kai ƙasa ba. Hannuwana suka tsattsage. Wajen zubawa kuma sai na sa katako yana yawo a kan ruwan, in riƙa tsiyayawa a kansa a hankali, don sabon hawa ya zauna a kan tsoho ba tare da ya huda shi ba. Mako shida na yi ina wannan. Ranar da na gama na saki ɗanyen ƙwai a ciki, ya nutse, ya kai tsakiya, ya tsaya cak yana lilo, bai kai ƙasa ba bai dawo sama ba. Dawuda ya cire hularsa ya ce, "La ilaha illallahu. Yaron nan zai sa a ƙone mu."

Mutanen unguwa sun zo kallo. Wani ya tambaya ko kifi zan zuba. Wani ya ce ɗan Malam Ummaru boko ya taɓa masa kai. Baba da kansa ya tsaya a bakin ramin, hannu a baya, ya ce, "To, kanwar dai ba ta da mai saye." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kowace rana ina zura ma'aunin zafi da zare. Digiri arba'in. Arba'in da takwas. Farkon Maris ya kai hamsin da tara. Na ɗora duro a kan tubala a gefe guda, inda ake zuba ruwan rijiya, na sa kan famfo a ɗaya gefen. Na buɗe, ruwa ya fito da tururi, ba ka iya barin yatsa a ciki.

Lokacin Sakinatu ta riga ta dawo gida. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, saboda haka ƙanwar Baba, Gwaggo Maiturare, ita ta tare a gidan don ta karɓi haihuwa ta yi wankan. Rabin 'ya'yan Hausawan Milezi a hannunta suka faɗo. Ta zo bakin tafkin da zanenta ɗaure a ƙirji, ta tsoma hannu a sama.

"Wannan ai ruwan randa ne, Halliru. Da shi zan gasa 'yar mutane?"

Na buɗe mata famfon. Ta taɓa, ta janye hannu da sauri, ta dubi ruwan, ta dube ni.

"Daga ina yake samo zafin?"

"Zafin yana ƙasa, Gwaggo."

"Ta yaya ƙasa za ta yi zafi sama ta yi sanyi? A wace tukunyar?"

"Ba za ki gane ba. Ke dai in lokaci ya yi ki kira ni in buɗe miki."

Na juya na tafi. Yini guda na ɓata ina yi wa Dawuda bayani a shago, ita kuwa wadda za ta yi aiki da ruwan, abin da ta samu daga bakina ke nan. Na kafa allo a bakin kangon, na rubuta da Faransanci cewa an hana taɓawa. A duk gidan ni kaɗai ke karanta Faransanci. Kuma da na ga matan maƙwabta sun fara zuwa da bokiti suna ɗibar ruwan zafi don wanki, sai na kwance marfin famfon na sa a aljihu, don kada su tsotse zafin kafin haihuwa.

Ƙarshen Maris yaƙi ya dawo, ya fi na bara muni. Aka raba garin biyu, manyan bindigogi suna amsa wa juna a kan rufin mutane. Jama'a suka yi ta kwarara bakin kogi, ana haye da su Kuseri ta ƙasar Kamaru a kwalekwale, da katifu da tukwane a kai. Na ce wa Baba mu ma mu haye tun Sakinatu tana iya tafiya.

"Na bara kwana nawa ya yi?" in ji shi. "Za su gaji. Wa zan bar wa sito?"

"Baba, ɓarɓashin kanwa ne a siton!"

"Kai dai ka iya magana."

Muka zauna. Itace ya ɓace daga kasuwa a kwana huɗu, kamar yadda na faɗa. Tafkina ya kai sittin da shida. Ba zan yi ƙarya ba, a cikin wannan tashin hankali ni ina jin daɗi. Ina jiran ranar da za su zo su ce Halliru ya yi gaskiya.

Akwai wata sajfam, ungozomar asibiti, mai suna Madam Hansatu, tana zaune a unguwar Mursal. Tun farko na ce ita za ta karɓi haihuwar, ba na son reza da toka. Da na ga ƙafafun Sakinatu sun kumbura sai na ce zan je in ɗauko ta.

"Kai da wa?" in ji Sakinatu. Tana zaune a tabarma ta jingina da bango, tana fifita da murfin kwano. "Mursal fa, Halliru. Ka ji abin da ke tashi ta can?"

"Zan bi bakin kogi. Kafin azahar na dawo."

"Gwaggo ce ta karɓe ka, ga ka nan da kanka kamar tulu, ba abin da ya same ka."

"Yaya, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ka zauna."

Na tafi. Na wuce shinge biyu na kombata, wato mayaƙan da ke tsare hanya, suna tambaya da Larabci ina za ni, ina cewa matar gida ce ke naƙuda. Na isa Mursal na tarar da gidan Madam Hansatu a buɗe, ba kowa, ta haye Kamaru tun makon farko. Kafin in juyo faɗa ya ɓarke tsakanina da gida. Na faɗa gidan wani abokin karatuna, Ilyasu, muka kwanta a ƙasan ɗaki ni da iyalinsa. Kwana uku ban iya leƙa titi ba. A rana ta biyu na sa hannu a aljihu na ji marfin famfo.

Da na dawo Milezi, tun daga zaure na ji ƙamshin turaren wuta da kukan jariri. Gwaggo ta tare ni a tsakar gida tana tafa hannu.

"Ga ɗan boko ya dawo! Namiji ne, tun ranar da ka fita da la'asar. Ina likitar taka? To mun gode, mun yi abinmu. Kuma ruwanka, Halliru, Allah ya yi maka albarka. Ashe gaskiyarka, zafin yana ƙasa."

Ban tsaya na ga jaririn ba. Na ruga kango.

Ruwan da na bari garau, ana hango baƙin tamfol a ƙasansa, ya koma fari kamar ruwan tsari. Gora biyu na tuƙa kwalekwale suna jingine da katanga, ga guga da igiyarta a jiƙe. Na zura ma'auni a sama, talatin da shida. Na zura shi har ƙasa, talatin da takwas.

Gwaggo ta biyo ni, da Mero da Kubura, maƙwabtanmu da suka taya ta. Ita ta ba ni labari da bakinta, tana murna. Sun nemi marfin famfo ba su gani ba, sun gwada da wuƙa ya ƙi. Sai ta tuna na ce zafin yana ƙasa. Suka ɗaura wa guga dutse suka zura, ta fito da ruwa mai ƙona hannu, har Kubura ta rangaɗa guɗa. Suka surka da na rijiya, aka yi wanka, ga shi kuma da kanwa a ciki, abin da mai jego ke so. Da suka ga ruwan ya ragu sai suka cika mini shi da na rijiya don kada in dawo in yi faɗa. Da safe suka ga sama sanyi ƙasa zafi, sai Mero ta aro gora wurin masunta.

"Muka juya shi sosai," in ji Gwaggo, "mu uku, har kafaɗata tana ciwo. Kanwar duk ta kwanta a ƙasa, ka bar ta haka ba ka dama ba. Amma tun jiya ya yi sanyi, sai ka zo ka ƙara masa abin da kake ƙara masa."

"Kun dama shi."

"To da fa? Wa ke barin kunu ya kwanta?"

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce musu jahilai. Na ce aikin wata huɗu suka kashe da gora. Na nuna allon na ce ga shi nan a rubuce, a rubuce!

"Da wane yaren?" in ji Mero.

"Yaya Dawuda ya sani! Baba ya sani! Ba wanda ya hana ku?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin zanenta. Murnar ta bar fuskarta. "Dawuda zai shigo cikin gidan surukai ranar haihuwar fari? Ba shi da kunya ne? Ubanka kuwa na tambaye shi, ya ce sha'anin mata ne. Kai da ka sani, ina kake? Ka sa abin a aljihu ka tafi neman wadda ta fi ni."

Baba ya fito daga ɗakinsa ya ce in na sake ɗaga wa ƙanwarsa murya in bar masa gida.

Na zauna na yi tunanin gyara. Kafin ruwan ya kwanta, in ƙafe wani a rana ya sake yin kauri, in sake jera hawa, rana ta sake tara zafi, wata biyu ne aƙalla. Wanka kuwa saura kwana talatin da bakwai, kuma na yamma yana jira.

Na shiga wurin Sakinatu. Jaririn yana barci a gefenta, fatar wuyanta ta yi ja saboda kaifin kanwa. Na ce mata wankan nan ba dole ba ne. Matan duniya suna haihuwa ba a gasa su, likitoci ma sun ce zafin yana wahalar da zuciya. Ruwa mai ɗumi a rana ya isa.

"Kana tsammani daɗinsa nake ji?" ta ce a hankali. "Jiya har na ga duhu. Amma in ban yi ba, duk ciwon da zan yi daga nan har tsufana za a ce shi ne. In nono ya ƙafe, shi ne. In yaron nan ya yi atishawa, shi ne. Kai za ka koma makarantarka. Ni a cikinsu zan zauna."

Gwaggo daga bakin ƙofa ta ce, "Ɗanyen jiki ne. In sanyi ya shige ta ta kumbura, a wuyan wa? Kwana arba'in, ko da ƙyauren gidan nan ne."

Da ƙyauren muka fara. Na ɓalle na ɗakina, na farfasa gadona da teburina da katakon da na zuba ruwa a kansa. Suka kai mu ranar suna, aka sa wa yaro Yunusu, ba rago, sai dabino. Na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya ina roƙon itace. Kowa ya buɗe tafin hannu ya ce ma fi, babu, wallahi ko na shayi.

Washegari Dawuda ya zo da amalanke da gatari ya tsaya a ƙofar gida.

"Musye, ka ce kai za ka zama itacen. Na duba, ba ka da kauri."

"Yaya Dawuda, ka yafe mini."

"Bar wannan. Itacen wanka na miji ne, dā ma nawa ne. Zo ka tura."

Bayan unguwar Farsha, ta hanyar bakin kogi, akwai gabaruwa da busasshen darbejiya. Mukan fita bayan asuba mu dawo da hantsi. Shinge ɗaya ne a hanyar, kuma Dawuda ya saba da masu tsaronsa. Da Larabcinsa na kasuwa yake ba su dariya, ya taɓa ɗinke wa babbansu aljihun riga a tsaye. In mun zo sukan ce, ga angon hatab, wato angon itace, su ɗage sanda. Amalanke guda kwana uku take yi, domin tukunyar wankan babba ce kuma Gwaggo ba ta yarda sai ta tafasa. Sau uku muka je tare.

Ni kuwa ban haƙura da tafkin ba. Na jera kwanon rufi a kango ina shanya ruwan kanwa ya ƙafe. Ranar da wanka ya cika kwana goma sha tara, ruwan ya yi kaurin da nake so, kuma da safe ne kawai ba iska, lokacin da ake iya zuba hawan farko. Dawuda ya ƙwanƙwasa.

"Yau ka yi mini haƙuri, Yaya. In na bar shi iska ta taso, aikin mako biyu ya lalace."

"Kai da ramin nan! Ko kai ma jegon kake?" Ya yi dariya. "Zauna. Hanya ta san ni."

Hantsi ya yi bai dawo ba. Azahar ta yi. Gab da la'asar wani masunci, Buba, ya turo amalanken har ƙofar gida, an rufa tabarma a kai. Ya ce an sauya masu tsaron shingen, waɗanda suka zo baƙi ne. Sun ce ya sauke itacen, suna so. Dawuda ya tsaya yana yi musu bayani, yana murmushi, cewa na mai jego ne, su ɗebi rabi. Ɗaya daga cikinsu bai ma bari ya gama ba. Itacen sun kwashe, amalanken suka ce a ɗauke musu daga hanya.

Aka binne shi kafin magariba a wani fili kusa, don ba a iya kaiwa maƙabarta. Sakinatu ba ta yi kururuwa ba. Ta juya fuska bango, yaron yana tsotso. A ranar ba a yi wankan yamma ba, kuma ba wanda ya ce sanyi zai shige ta.

Masu gaisuwa suka cika zaure. Kowa ya zauna ya ce kwana ne ya ƙare, haka Allah ya rubuta. Baba yana amsawa, haka ne, haka ne. Ban ji mutum ɗaya ya ce me ya fitar da tela daji da gatari a tsakiyar yaƙi ba. Na so wani ya tashi ya nuna ni ya ce kai ne. Na so wani ya nuna Gwaggo, ko Baba da sitonsa, ko wannan tukunya da dole sai ta tafasa sau tamanin ko garin yana ci da wuta. Da an yi haka da wataƙila wani gida ya tsira nan gaba. Ba wanda ya nuna kowa. Aka shafa fatiha, aka miƙa buta.

Ranar sadakar uku za a dafa gumba da shinkafa a raba. Tun da safe na ga mata suna shigowa. Mero da dami a kai. Kubura da guntun kututture. Gidan liman suka aiko da itacen gabaruwa busasshe, irin wanda ya shekara a ajiye, an jawo shi daga ƙarƙashin gado, har da yanar gizo a jiki. Kafin hantsi an tara abin da ya fi amalanke bakwai a tsakar gidanmu. Ba a kunyata mamaci, in ji su, sadaka ba ta yiwuwa ba wuta.

Na tsaya ina kallon tarin. Na san kowane gida da kowane dami ya fito. Na tuna fuskar kowane mai gida lokacin da ya buɗe mini tafin hannu.

Abincin sadaka bai ci ko kashi ɗaya cikin uku ba. Da yamma, bayan mutane sun watse, Gwaggo ta fito ta zagaya ragowar, tana taɓawa da ƙafa. Idanunta sun kumbura, muryarta ta dishe. Tun ranar kango ba ta yi mini magana ba sai yau.

"Saura kwana goma sha takwas," ta ce. "In an yi tattali zai kai."

Ta tsaya a gaban kututturen da Kubura ta kawo.

"Kututturen nan ba ya shiga murhu. Hannuna ba ƙarfi, Halliru."

Daga ɗaki na ji Sakinatu tana lallashin yaron, da ƙaramar murya, ba waƙa. Mero ta riga ta ɗora tukunya tana zuba ruwa. Gatarin Dawuda yana cikin amalanke inda Buba ya bar shi, ba wanda ya taɓa. Na ɗauko, na gyara kututturen da ƙafa, na fara faskare.